Filo Ma Na'ura Ne: Yadda Za Ka Haɗa Matashin da Ake Saita wa Tudu, Ka Gwada Shi da Wayarka

Darasinmu na yau a kan filo ne, wato matashin kai. Na san wani zai ce me ya haɗa masu zancen waya da kwamfuta da filo. Ka yi haƙuri ka biyo ni. Wannan shi ne abin da kake ɗora kanka a kai awa shida zuwa takwas kullum, amma kai da ke canza hasken sikirin da ƙarar ringin sau goma a rana, ba ka taɓa saita shi ba ko sau ɗaya. Yadda aka ba ka shi, haka kake kwana a kai.

Ni ma wuya ce ta koya mini. Kusan duk abin da na iya na rubuta manhaja da daddare na koye shi, don a lokacin ne data ke araha, sabis kuma ke gudu. Sai in haɗa filo biyu, in ninka na saman, in jingina ƙeya, waya a kan ƙirji, ina kallon bidiyon darasi har barci ya sace ni a haka. Wata rana a sallar asuba na zo yin sallama, na juya dama da ƙyar, hagu kuwa sai da na juya da kafaɗuna gaba ɗaya. Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Na hau mashin zan tsallaka gada, tireloli cike da shanu suna ta hon a bayana, ni kuwa na kasa waiwaye. A nan na tsorata. Da na je asibiti, mai gashin ƙashin da ya duba ni bai tambaye ni abin da na ɗaga ba. Tambayarsa ta farko ita ce: "Da filo nawa kake kwana?"

Me ke cikin wuya?

Ƙasusuwa bakwai ne a jere tsakanin ƙoƙon kai da kafaɗa. Raƙumin dawa ma bakwai ɗin gare shi, nasa dai dogaye ne. Na farko shi ke tallafe da kai, kuma kusan rabin waiwayen da kake yi tsakanin na farko da na biyu yake faruwa. Daga na biyu zuwa ƙasa akwai wani faifan guringuntsi mai taushi tsakanin kowane ƙashi da na kusa da shi. Laka ta bi ta tsakiyarsu, jijiyoyin da ke zuwa kafaɗa da hannu da yatsu suna fita ta gefe, sannan wasu hanyoyin jini guda biyu sun ratsa ta ƙananan ramuka a gefen ƙasusuwan suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Ka riƙe maganar hanyoyin jinin nan, za mu dawo kanta.

Jerin ƙasusuwan ba a miƙe yake kamar sanda ba. Idan ka kalli mutum ta gefe, wuyansa ya ɗan lanƙwasa ciki, kamar baka. Sa hannu a ƙeyarka za ka ji kwarmin. Idan kuma ka kalle shi ta baya, daga tsakiyar kai har ƙugu layi ɗaya ne. Aikin filo kenan, guda biyu tak: in ka kwanta rigingine ya cike wannan kwarmin ba tare da ya tura kai gaba ba, in ka kwanta a gefe ya cike gurbin da ke tsakanin kunne da katifa don layin ya zauna a miƙe. Ka lura cewa tudun da ake bukata a kwanciyar farko ya bambanta da na biyun. Filon kasuwa kuwa tudu ɗaya ne da shi. Matsalar da za mu warware kenan.

Jarkar ruwa a wuya

Kan baligi yana kai kilo biyar, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Idan yana zaune daidai a kan kafaɗu, wuya ba ya jin sa, kamar yadda mai talla ke yawo da faranti a ka tun safe. Da zarar ka sunkuyar da shi, labari ya canza. Ɗauki galan ɗin ruwa ka rungume, sannan ka miƙa hannu da shi gaba. Ruwan bai ƙaru ba, amma damtsenka zai ba ka labari.

A shekarar 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka mai suna Kenneth Hansraj ya fitar da lissafin da ya zagaya duniya. Ya ce sunkuyo na digiri 15 yana sa wuya ya ji nauyin kusan kilo 12, digiri 30 kilo 18, digiri 45 kilo 22, digiri 60 kuwa kilo 27. Wato ya ɗara jarkar mai ga-ruwa mai lita 25. Sai dai gaskiya ɗaya ce, wannan lissafi a kwamfuta aka yi shi, ba a wuyan mutane aka auna ba. Kuma a 2018 wasu masu bincike a Brazil sun duba matasa 150 'yan shekara 18 zuwa 21, ba su ga alaƙa tsakanin yadda mutum ke sunkuyawa a kan waya da ciwon wuya ba. Don haka idan ka ga hoton nan da ake yaɗawa a Facebook na ƙwarangwal mai ƙusumbi riƙe da waya, kada ka firgita. An yi wuya ne don ya sunkuya, ya ɗago, ya waiwaya. Abin da ba ya so shi ne a ajiye shi a lanƙwashe wuri ɗaya na tsawon awanni. Da rana in ka gaji za ka motsa. Da dare kuwa, in filo ya tanƙware ka, haka za ka daɗe ba ka sani ba.

Binciken da ya fi tayar mini da hankali daga Japan ya fito, a 2024. Likitoci a babbar cibiyar cututtukan zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta ƙasar sun kwatanta mutum 53 da ɗaya daga cikin hanyoyin jinin nan na wuya ta tsage musu daga ciki, da wasu 53 da ba su da wannan matsala. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon suna kwana a kan filon da tudunsa ya kai santimita 12 ko fiye, a ɗaya rukunin kuwa kashi 15 ne cikin ɗari. Da aka duba masu filon santimita 15 zuwa sama, sai tazarar ta ƙara faɗi, musamman in filon mai tauri ne. Wannan tsagewa tana cikin abubuwan da ke kawo shanyewar ɓarin jiki ga matasa. Ciwo ne da ba a cika samu ba, kuma binciken alaƙa ya nuna, bai ce duk mai babban filo zai kamu ba. Amma da na koma ɗaki na sa rula a jikin filona biyun nan, ɗaya a ninke, na ga sun haura santimita 20, a daren na jefar da ɗaya gefe.

Auna kanka da littattafai da kyamara

Wasu ƙananan bincike da aka yi a ƙasashen waje sun fi karkata ga tudun da ke kusa da santimita 10. Kada ka ɗauki wannan a matsayin doka. Ƙato mai faɗin kafaɗa da ke kwana a tabarma da siririyar yarinya da ke kwana a katifa mai inci goma ba za su yi filo ɗaya ba. Katifa mai laushi tana haɗiye kafaɗa, sai gurbin ya ragu. Tabarma ko 'yar katifar ɗaliban hostel ba ta haɗiye komai, sai gurbin ya ƙaru. Shi ya sa awon dole a yi shi a kan shimfiɗar da kake kwana a kai.

Ka nemi littattafan rubutu na makaranta kamar goma sha biyar, da rula, da salatif mai launi, da ƙaninka ko abokin ɗakinka. Cire riga. A manna maka salatif wuri uku a baya: tsakiyar ƙeya, kan ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya idan ka sunkuya, da tsakiyar baya tsakanin allon kafaɗu. Kwanta a gefen da ka saba. Yawancinmu ɓarin dama ne, kamar yadda aka koya mana tun muna yara cewa shi ne sunna. A riƙa tura littattafan ƙarƙashin kanka ɗaya bayan ɗaya.

A nan waya za ta shigo. Shiga saitin kyamara ka kunna layukan nan da ke raba sikirin gida tara. Tecno, Infinix, itel, Samsung, iPhone, duk suna da su. A ajiye wayar a bayanka daidai da tsayin jikinka, a kan kujera ko bokiti a kife, ba a riƙe ta daga sama ba, don hoton sama yana ƙarya. A tabbatar ba ta karkace ba. A iPhone akwai ma'aunin magina a cikin manhajar Measure, a Android kuma akwai irinsa kyauta a Play Store. Kada a yi amfani da kyamarar 0.5, tana lanƙwasa layi a gefen hoto. Gara a ja baya a sa 2x. Idan salatif ukun suka hau layi ɗaya na kwance, a tsaya. Zare littattafan ka auna kaurinsu. Wannan shi ne lambarka ta farko, tudun gefe.

Sai ka juya rigingine, a sake. Wannan karon a ɗauki hoton ta gefe. Abin da ake nema shi ne goshi da haɓa su kusa zama a layi ɗaya, haɓa ta ɗan yi ƙasa kaɗan. Idan haɓa ta nufi ƙirji har kana hango yatsun ƙafarka, ya yi tudu. Idan ta nufi silin kamar wanda wanzami ke yi wa gyaran gemu, ya yi ƙasa. Lambarka ta biyu kenan, tudun tsakiya. Za ka ga ta gaza ta farko da 'yan santimitoci. Kana nan a kwance, ka cusa ƙaramin tawul a naɗe ƙarƙashin wuyanka har ka ji ya cike kwarmin ba tare da ya ɗaga kai daga kan littattafan ba. Kaurin naɗin haɗe da littattafan shi ne lamba ta uku.

Kuskuren da kowa ke yi: waɗannan lambobi na filon da aka danne ne. Filon da ka gani a shago ya kumbura kamar burodi yana iya komawa rabi idan kai ya hau. Don gwadawa, ɗora galan mai lita biyar cike da ruwa a kai, tunda lita biyar kilo biyar ce, ka jira minti biyu, sannan ka auna daga ƙasan galan zuwa ƙasa. Ba daidai yake da kan mutum cif ba, amma ya fi matsawa da hannu nesa ba kusa ba.

Me za a cusa a ciki?

Audugar rimi ita ce tamu ta gado. Kafin zuwan soso, da ita ake cika matasai da katifu da tumtum a ƙasar Hausa, kuma ka duba yawan wuraren da ke ɗauke da sunan bishiyar, Rimin Gado, Kasuwar Rimi, Unguwar Rimi a Kaduna, garin Rimi a Katsina. Kowane silin audugar yana da rami a ciki kamar bututu, jikinsa kuma da wani maiƙo da ke hana ruwa shiga, shi ya sa har a Yaƙin Duniya na Biyu da ita ake cika rigunan ceto na masu jirgin ruwa. Ba ta da nauyi, ba ta riƙe gumi, tana bin siffar kai. Aibinta uku: tana kwantawa ta dunƙule idan ta daɗe, tana da ƙura mai tayar wa masu asma ciwo, kuma tana kama wuta da saurin da ba za ka yarda ba sai ka gani.

Soson da ke lotsawa ya dawo a hankali, wanda 'yan kasuwa ke kira memory foam, an ƙirƙiro shi ne a 1966 a wani aiki da hukumar NASA ta bayar don inganta kujerun jirgin sama, sai a farkon shekarun 1990 wani kamfani a Sweden ya fara sayar da shi a matsayin katifa. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, taurinsa yana bin zafi. Yana laushi in ya ji ɗumi, yana ƙagewa in ya ji sanyi. A ƙasar da ɗaki ke zama da yanayi ɗaya duk shekara babu damuwa. A Kano kuwa, inda Afrilu ke haura digiri 40, Janairu kuma mutum ya kwana da rigar sanyi, filon da ka saya da hunturu zai zama wani filon daban da bazara, ga riƙe zafi idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya. In har kana son sa, nemi wanda aka yayyanka gutsi-gutsi mai zif, ba dunƙulalle ba.

Akwai na roba, wanda ake yi da ƙaron bishiyar roba. Wasu masu bincike a Ostareliya ƙarƙashin Susan Gordon sun gwada filo iri biyar a kan masu kwanciyar gefe a 2009, na roba ya fito da kyau, na gashin tsuntsu ya zo ƙarshe. Yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Akwai na ruwa, mai jaka a ƙasa da kake ƙara wa ruwa ko ka rage. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a jami'ar Johns Hopkins a 1997 ya yaba shi, amma ni ban yarda in kwana da jakar ruwa kusa da caja ba. Mutanen Japan suna cika nasu da ɓawon wani hatsi mai suna soba, ko da guntayen bututun roba kamar an yayyanka abin zuƙar lemo, saboda iska na ratsawa, na bututun kuma ana iya wanke shi. Na yi tunanin ɓuntun shinkafa zai maye gurbin ɓawon soba, tunda ga shi nan tsibi-tsibi a bakin injina. Kwana biyu na yi da shi. Ga nauyi, ga ƙura, ga ƙaiƙayi. Na faɗa maka ne don kada ka wahalar da kanka.

Abin da na tsaya a kai: rimi a tsakiya inda ake son laushi, gutsattsarin soso mai tauri a gefe inda ake son tudu ya tsaya. Gutsattsarin kuwa wajen masu ɗinkin kushin da katifa za ka same shi, ragowar yanka ne.

Zanen da za ka kai wa tela

Kada ka yi wa tela bayani da baki, zai ɗinka maka abin da ya saba. Zana masa a takarda da lambobi.

Filon santimita 60 ne a tsawo, 40 a faɗi, mai ɗaki biyar. Ɗaki biyu a gefen hagu da dama, kowanne faɗin santimita 17, sun tashi daga gaba har baya. Santimita 26 da ta rage a tsakiya a raba ta uku: ɗakin wuya na gaba santimita 12, ɗakin ƙeya a tsakiya 16, sai wani ɗakin wuyan a baya 12. Dalilin yin ɗakin wuya biyu shi ne ka cika ɗaya fiye da ɗaya, in ka juya filon ka samu wani saitin kyauta. Kowane ɗaki da ɗan zif ɗinsa, a ƙasa ko a gefe, inda ba zai taɓa fuska ba.

Wurin da za ku yi gardama da tela shi ne bangon ɗakunan. Hanya mai sauƙi ita ce ya haɗa yadin sama da na ƙasa ya bi da keke. In ya yi haka za a samu kwari a kan kowane ɗinki, kanka ya riƙa faɗawa ciki idan ka juya. Ka ce ya tsayar da wani ƙyalle mai tsayin santimita 6 zuwa 7 a tsakani ya zama bango, kamar yadda ake ɗinka kushin mai kusurwa. Zai ce aikin ya yi yawa. Ka ƙara masa kuɗi, a nan ingancin yake. Yadin ya zama auduga mai matsattsiyar saƙa don kada rimi ya riƙa fita, ba mai santsin nan na leda ba.

A ƙarƙashin ɗakunan biyar a yi aljihu ɗaya mai faɗin filon gaba ɗaya, da dogon zif. A nan za ka zura falle-fallen soso mai tauri don ɗaga filon duka. Ga dabarar da na aro daga lissafin kwamfuta. Kada ka yanki falle masu kauri ɗaya. Yanki uku: rabin inci, inci ɗaya, inci biyu. Kowanne ko dai yana ciki ko yana waje, kamar 0 da 1. Da falle ukun nan za ka samu tudu takwas, daga babu komai har inci uku da rabi, kusan santimita 9, kowane mataki rabin inci. Ranar da ka tafi makaranta ka koma kan siririyar katifa, sai ka ƙara falle. Ranar da ka dawo gida, ka zare. Idan rabin inci ya yi maka yawa, ninkin tawul ɗaya zai raba gardama. A ƙarshe a yi masa riga mai ɗan faɗi wadda za a riƙa cirewa ana wankewa. Matsattsiyar riga tana ƙulle filo ta ɓata duk saitin da ka yi.

Wanda ba shi da kuɗin tela a yanzu, ya ninka babban tawul ko bargo mara kauri har ya kai lambarsa ta tsakiya, ya sa naɗin tawul a cikin rigar filo ta bakin gaba. Ba kyau a ido, amma yana aiki, kuma da shi na fara.

Saitawa: abu ɗaya a lokaci ɗaya

Duk wanda ya taɓa neman kuskure a manhaja ya san cewa idan ka canza layi biyar a tare abin ya gyaru, ba ka san wanne ya gyara ba, idan ya ƙara lalacewa ma haka. Filo ma haka yake. Cika ɗakunan har galan ya nuna lambobinka, maimaita hoton salatif, sannan ka yi gwajin juyi. Wata likitar ƙashi a Japan, Shuori Yamada, da ta shahara a kan gyaran filo, tana ba wannan gwaji muhimmanci: kwanta rigingine, harɗe hannuwa a ƙirji, tanƙwashe gwiwoyi, ka mirgina dama da hagu. Idan kai da kafaɗa da ƙugu suka tafi tare ba tare da yunƙuri ba, ka kusa. Idan sai ka ɗaga kai kafin ka juya, gefen ya fi tsakiya tudu da yawa, rage. Mutum yana juyawa sau da dama cikin dare, filon da ke hana juyi zai riƙa farkar da kai ko da hotonsa ya yi kyau.

Daga nan ka buɗe Google Sheets ko Keep. Kowace safiya rubuta kwanan wata, saitin da ka kwana da shi, da maki daga 0 zuwa 10 na yadda wuyanka yake. Ni sallamar sallar asuba ce ma'aunina. Kada ka taɓa komai sai bayan kwana huɗu ko biyar, don jiki yakan yi ƙorafi a kan duk sabon abu a daren farko. In za ka canza, ɗaki ɗaya, cikin hannu ɗaya na rimi. Abin da ka cire ka adana a leda. Alamomin da za su taimaka: idan ka farka da hannu a cushe ƙarƙashin filo, ya yi ƙasa. Idan ka farka ka ga ka zame kanka na kan katifa, ya yi tudu. Idan kunne na zafi, gefen ya yi tauri, sa rimi kaɗan a saman soson. Idan ciwon ɓari ɗaya ne kullum, duba katifar, wataƙila ta yi rami, kuma babu filon da ke gyara ramin katifa.

Mai kwanciyar rub da ciki kuwa, babu zanen da zai cece shi, don dole ya murɗa wuya gefe ɗaya kafin ya yi numfashi. Malamai sun hana, likitoci ma ba sa so. Rungumar wani filon a ƙirji yana taimakawa wajen sabawa da gefe, wani kuma tsakanin gwiwoyi yana hana ƙugu murɗewa.

Sannan a raba filon barci da majinginar kallo. In za ka kalli fim ko darasi, tashi zaune ka jingina bayanka duka da bango, ka ɗago wayar kusa da ido. In barci ya zo, ajiye ta. Filona mai ɗaki biyar bai yi mini komai ba a satin farko, saboda ina ninka shi in ci gaba da halina.

Masu lantarki fa?

Suna nan. Kamfanin 10minds na Koriya ta Kudu yana da Motion Pillow, wanda aka nuna a bikin baje kolin fasaha na CES a Las Vegas. Yana sauraren minshari, in ya ji sai ya hura wasu jakunkunan iska a cikin filon ya juyar da kan mutum a hankali. Smart Nora na Kanada ma haka yake, sai dai shi a ƙarƙashin filonka ake zura shi. Ka lura minshari suka sa a gaba, ba saitin wuya ba, kuma suna son wutar da ba ta yankewa. A ganina kuɗinsu ya fi amfani a sabuwar katifa. Amma ga ɗaliban injiniya na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, ga aikin kammala karatu a kwance: ESP32, na'urar jin nauyi a ƙarƙashin kowane ɗaki, ƙaramin famfon iska irin na abin awon hawan jini, filon ya gane ko a gefe kake ko rigingine ya canza tudu da kansa. Sharaɗi ɗaya, batir da famfo su zauna a akwati daban a ƙasa, bututun iska kawai ya shiga filon.

Wannan ya kawo mu maganar wuta. Kada ka sa waya a caji ka tura ta ƙarƙashin filo. Batirin lithium yana fitar da zafi idan yana caji, filo kuma yana hana zafin fita. Apple da kansa ya rubuta wannan gargaɗi a bayanan kariya na iPhone. Idan filon na rimi ne, haɗarin ya ninka. Haka fawa bank, da kyandir, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon turare, duk a nesanta su. Rimi ba a wanke shi, a zazzage shi a shanya a rana lokaci-lokaci, a ware dunƙulen da hannu, a cike abin da ya kwanta. Jariri da bai shekara ba kuma ba a sa masa filo kowane iri, saboda haɗarin toshe numfashi.

Inda filo ba shi da hurumi

Idan ciwon wuya ya sauko kafaɗa zuwa hannu, yatsu suna mutuwa ko kana jin kamar ana tsira maka allura, ko abu na suɓucewa daga hannunka, ko tafiyarka ta canza, ajiye rula ka tafi asibiti. Haka idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa a mashin, ko ya wuce sati biyu zuwa uku ba sauƙi. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duk suna da sashen gashin ƙashi, kuma babban asibitin garinku zai iya tura ka. Kada ka bari wani ya murɗe maka wuya don ya yi ƙara.

Abu biyu kuma ba sa jiran gari ya waye. Na farko, matsanancin ciwon ƙeya ko wuya da ya zo farat ɗaya, tare da jiri, ko ganin abu biyu-biyu, ko harɗewar harshe, ko mutuwar ɓari ɗaya. Na biyu, wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, ko ido ya ƙi haske, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. Mu da ke wannan yanki mun san sanƙarau, wadda ta kashe dubban mutane a Arewa a 1996, ta sake dawowa da ƙarfi a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. Wanda ya ga haka a jikinsa ko a jikin abokin ɗakinsa, a nemi mota a daren.